Sharhi a kan wani kwas na intanet game da sahihiyar koyarwa da haɗin kan ikkilisiya

Na kammala wani kwas na mako goma sha biyu da ake gudanarwa ta intanet, wanda aka shirya domin masu jagorantar ƙananan ƙungiyoyin nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma tambayar da aka gina shi a kanta guda ɗaya ce: idan riƙe sahihiyar koyarwa ya yi karo da kiyaye haɗin kan masu bi, wanne ne zai ja da baya? A kowane mako akan saki lacca ta bidiyo, tare da takardun karatu, sannan a yi zaman tattaunawa kai tsaye a ƙarshen mako, inda ɗalibai daga ɗariƙu dabam-dabam ke haɗuwa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, kwas ɗin ya ƙware wajen ba da tarihi, amma da aka zo inda ɗalibi ke bukatar ma'aunin da zai yi hukunci da shi, sai ya kama kame-kame.

Mako na biyu, wanda aka keɓe wa Sabon Alkawari, shi ne ya fi kowanne amfani a gare ni. Malamin bai ɗauki addu'ar Yesu a Yahaya 17, inda ya roƙa wa almajiransa su zama ɗaya, ya kafa ta a gefe guda, sannan ya kafa gargaɗin wasiƙar Yahuza game da fama saboda bangaskiya a ɗaya gefen kamar ana kokawa ba. Ya kai mu Antakiya ne, wurin abin da Manzo Bulus ya ba da labari a Galatiyawa 2. Bitrus yana cin abinci tare da al'ummai, da waɗansu suka zo daga Urushalima sai ya janye jikinsa, har Barnaba ma ya bi sahu, Bulus kuwa ya tsauta masa a gaban kowa. Mutane da yawa suna karanta wannan wuri a matsayin misalin mai kishin koyarwa da ya tayar da rigima, alhali Bitrus ne ya raba teburin, koyarwar kuɓuta ta wurin bangaskiya kuma ita ce Bulus ya yi amfani da ita ya sake haɗa shi. Wannan Bulus ɗin ne kuma a Romawa 14 ya hana masu bi yanke wa juna hukunci a kan abinci da ranaku. Ashe mutum ɗaya yana iya kafewa a wani wuri ya kuma sassauta a wani, ba tare da ya yi baki biyu ba, muddin ya san abin da bishara take rataye a kansa.

Daga nan aka shiga tarihi, kuma dole in yaba wa malamin, domin bai zaɓo labaran da za su goyi bayan ɓangare ɗaya kaɗai ba. A taron Nikiya na shekarar 325 ya nuna cewa Sarki Kustantin na daular Roma, wanda ya kira taron, da farko ya ɗauki gardamar da Ariyus, wani malamin ikkilisiya a Iskandariya, ya tayar a matsayin ƙaramar jayayya da ba ta kai ta dame daula ba. Ariyus kuwa cewa yake yi Ɗan halitta ne, akwai lokacin da ba ya nan. Da an bi son sarki na a yi shiru a zauna lafiya, da ikkilisiya ta ci gaba da yi wa wanda take ɗauka halitta sujada. A shekarun da suka biyo baya gardamar ta koma kan kalmomin Helenanci biyu da harafi ɗaya ya bambanta su, ɗaya tana nufin Ɗan zatinsa ɗaya da Uba, ɗayar kuma tana nufin zatinsa yana kama da na Uba, kuma a kan kare ta farkon ne Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya sha korar gudun hijira har sau biyar.

Mako na gaba sai malamin ya juya mana wuƙar. Bayan taron Kalsidon na 451, ikkilisiyoyin Masar, da Habasha, da Armeniya, da wani sashe na Suriya sun rabu da Roma da Kustantiniya a kan yadda za a bayyana allahntaka da mutuntakar Almasihu. Sai a 1973 Paparoma Paul na Shida da Shenouda na Uku, shugaban Kibɗawan Masar, suka sa hannu a kan sanarwa guda suna shaida cewa Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar ke nan ana jifan juna da sunan ɓata, a kan saɓanin da babban rabonsa na harshe ne da siyasar daula. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin waɗanda suka rabu a lokacin su ma sun tabbata cewa gaskiya suke karewa, kamar yadda Atanasiyus ya tabbata.

An yi wa rabuwar 1054 tsakanin Roma da Kustantiniya bayani a gurguje, da janye la'anar da aka yi wa juna a 1965, ba ni kuma da ƙorafi a kan hakan. Inda aka tsaya sosai shi ne Marburg a 1529, lokacin da Filibus mai mulkin Hesse ya tara Martin Luther da Zwingli, jagororin masu gyaran ikkilisiya da suka rabu da Roma, domin ya haɗa kansu. Sun amince a kan batutuwa goma sha huɗu cikin goma sha biyar, suka kasa daidaitawa a kan kasancewar jikin Almasihu a Jibin Ubangiji, kuma da yawa daga mabiyansu a Turai ba su shiga cikakken zumunci a teburin Ubangiji ba sai da yarjejeniyar Leuenberg ta 1973. Malamin ya ƙi gaya mana wanda ya yi daidai, ya ce mu rubuta shafi ɗaya muna kare matsayin da ba namu ba. Wannan aikin gida ya wahalar da ni, ya kuma koya mini fiye da laccar kanta.

Matsalar ta fara ne daga mako na tara. Bayan duk wannan tarihi mai nauyi, abin da aka miƙa mana a matsayin mafita shi ne wani jadawali mai hawa uku: koyarwar da ba a sasantawa a kanta, da wadda za ta iya raba ɗariƙu ba tare da ta raba 'yan'uwantaka ba, da wadda ra'ayi ce kawai. Rabe-raben ba laifi ba ne, kuma masana da dama suna amfani da irinsa. Sai dai an cike mana gidajen jadawalin tun kafin mu zo, ba a kuwa bayyana dalilin da ya sa aka ajiye kowane batu a inda aka ajiye shi ba. Ainihin rigimar Kirista tun farko a kan wannan ajiyewar take. Luther ya ɗauki batun Jibin Ubangiji a hawa na farko, Zwingli kuwa ya nemi a karɓi juna a matsayin 'yan'uwa duk da saɓanin, saboda haka jadawalin da wani ya riga ya cike ba zai raba gardamarsu ba. An kuma buɗe takardar makon da sanannen zancen nan na haɗin kai a kan muhimman abubuwa, 'yanci a kan sauran, ƙauna a cikin kome, aka jingina shi ga Agustin, ɗaya daga cikin iyayen ikkilisiya na farko, alhali zancen ya fito ne daga marubutan ƙarni na 17. Kuskure ne ƙarami, amma a kwas ɗin da ke koyar da tantance magana bai kamata ya wuce ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka wuce Sanarwar Barmen ta 1934 cikin 'yan mintoci. A can ne waɗansu fastocin Jamus, da masanin tauhidi Karl Barth a cikin masu rubutun, suka ƙi bin ikkilisiyar da ta rungumi aƙidar gwamnatin Hitler, suka ce Yesu Almasihu ne kaɗai Maganar Allah da za su saurara. Waɗanda suka yi tsayayya a lokacin su ne aka zarga da raba kan jama'a, kuma Lutheran da Reformed, wato ɓangaren Luther da na Zwingli waɗanda Marburg ta raba, su ne suka sa hannu tare. Babu misalin da ya fi wannan dacewa da tambayar kwas ɗin, amma aka ba wa kafuwar Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya a Amsterdam a 1948 da sanarwar Augsburg ta 1999 tsakanin Katolika da Lutheran a kan koyarwar kuɓuta ta wurin bangaskiya mako biyu cur, mafi yawansa jerin taruka ne da sunaye.

Zaman tattaunawar ma ya nuna wannan raunin. A ranar da batun baftismar jarirai ya taso, wani dattijo da wata malamar makarantar Lahadi suka fara musayar hujjoji cikin ladabi, kowa yana buɗe nassi, sai mai jagorantar zaman ya katse su ya ce, "Baba, Malama, mu bar abin da zai raba mu." Ban ga abin da ke shirin raba su ba. Da an bar su sun ƙarasa, da mun ga a aikace yadda masu bi biyu za su saɓa su kuma rufe zama da addu'a tare, wanda shi ne darasin da muka yi rajista dominsa.

Ta fuskar aiki, sautin laccocin yana fita sarai, ana kuma iya sauke murya kaɗai ga wanda intanet ɗinsa ba shi da ƙarfi, sai dai takardun karatu na makonnin ƙarshe sun riƙa makara, sau biyu ma sai bayan an gama tattaunawa suka iso. Malamin yana amsa tambayoyi a rubuce, amsoshinsa kuma sun fi abin da ke cikin jadawalin zurfi. Wanda bai taɓa karanta tarihin ikkilisiya ba zai amfana ƙwarai da mako na biyu zuwa na takwas, su ne kuma zan yi amfani da su a ƙungiyar da nake jagoranta. Na rubuta wa masu shirya kwas ɗin ina roƙon su ba wa Barmen mako guda na kanta, su kuma gyara zancen Agustin, sun amsa cewa za su duba kafin a buɗe rajistar zango mai zuwa.