Bangon tare ƙasa a Maraɗi: gabiyon, kankare ko turken ƙarfe?

Tun ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari aka hau tudu, amma ruwan da ke gangarowa zuwa Gulbin Maraɗi bai daina yaƙar gidajen bakin gangare ba. Ƙasarmu rairayi ce, da ta sha ruwa sai ta saki. Wanda filinsa ke bakin kwazazzabo, kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya, ya fara auna tsayin ƙasar da zai tare, domin in tsayi ya ninka biyu, turin ƙasa sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa bulo da aka jera kamar katangar gida ke kifewa a watan Agusta.

In tsayin bai wuce mita 2 ko 3 ba, kuma akwai fili, gabiyon ya fi sauƙi: ragar waya cike da duwatsu, ruwa na ratsa ta, in ƙasa ta zauna ta bi ta ba tsagewa. Kuɗinta na tafiya ne a jigilar dutse. A nemi waya mai rufin hana tsatsa, kada a karɓi ragar kaji.

Bangon kankare da rodi, mai faffaɗan gindi kamar tafin ƙafa a ƙarƙashin ƙasar da ya tare, ya fi tsafta a cikin gari. Sai dai faɗin gindinsa kan kai rabin tsayinsa ko fiye, wato sai an yi haƙa sosai.

Turken ƙarfe na wurin da babu wannan sarari ne, ko bango ya yi tsawo. Ana huda rami cikin ƙasar da ke bayan bangon, a karkace zuwa ƙasa kamar digiri 15 zuwa 30, a zura sandar ƙarfe, a ɗura ruwan siminti ya kama ƙarshenta can cikin ƙasa mai tauri, sannan a ja ta da jak a ɗaure a jikin bango. A rairayi ramin rufta yake yi, dole a bi shi da bututu, kuma wannan ba aikin maginin unguwa ba ne, sai kamfani mai injin huda. Ku tambayi injiniya: an gwada ƙasar? Kowane turke za a ja shi fiye da nauyin da zai ɗauka kafin a ɗaure? Me zai kare ƙarfen daga tsatsa? Ga kuma abin da ake mantawa: turken mitoci da yawa yake shiga, sau tari ƙarƙashin gidan maƙwabci. A sami yardarsa a rubuce.

A ganina, mai gida ɗaya da wuya ya buƙaci wannan. In filin da ke bayan bangon naka ne, a binne tubalin kankare nesa da bangon, a haɗa su da rodi mai kauri, ya fi araha nesa ba kusa ba.

Kowanne aka zaɓa, a zuba tsakuwa a bayan bangon, a bar ƙofofin fitar ruwa a gindinsa. Ɗan kwangilar da bai sa wannan a lissafinsa ba, a nemi wani.