Sharhi kan ƙofar akurki mai rufe kanta: yadda ta yi da ƙananan kaji

Ƙofar akurki mai buɗewa da rufewa da kanta, wadda ake haɗa ta da ƙaramar fitila ta cikin ɗaki, na'ura ce da na jima ina amfani da ita ga kajin da nake kiwo a bayan gida. Ga manyan kaji ba ni da abin cewa sai yabo, amma ga ƙananan da aka fito da su daga ɗakin ɗumi, inda ake rainon 'yan tsaki, tana buƙatar lura sosai, kuma a kan wannan ne zan tsaya.

Aikinta ba shi da sarƙaƙiya. Faifan ƙarfe ne mara nauyi da ƙaramin inji mai batir ke ɗagawa da saukewa, kuma ana saita ta ko dai da agogo, ko da wani ido mai auna hasken gari, wanda ke rufe ƙofar idan duhu ya kai wani mataki.

Wannan idon ne bai dace da ƙananan kaji ba. 'Yan tsakin da aka raina babu uwa sukan kai kimanin makonni 6 kafin gashinsu ya cika a mayar da su akurki, kuma a lokacin ba su da wadda za ta ja su ciki idan almuru ta yi. Kaji ba sa gani sosai da zarar haske ya ragu, cikin akurki kuwa yana riga waje yin duhu, saboda haka ƙananan suna ganin bakin ƙofar a matsayin abin tsoro. Abin da na gani shi ne suna ta kai da kawowa suna kuka har su cure a wani lungu na tsakar shinge, suna hawan juna, wanda hakan kan iya sa na ƙasa ya rasa numfashi. Idon na'urar haske kawai yake aunawa, ba ya ƙirga kaji, don haka yana sauke ƙofar ko da rabinsu suna waje, inda muzuru da gafiya da maciji ke samun su cikin sauƙi. Ranar da hadari ya haɗu da yamma ma yakan rufe tun kafin lokaci. Da na koma amfani da agogo, na saita rufewar sai bayan duhu ya kankama sosai, wannan damuwar ta ragu ƙwarai.

Fitilar ce ta fi burge ni, duk da cewa masu sayarwa ba su cika ambatonta ba. Tana kunna kanta kimanin rabin sa'a kafin faɗuwar rana, sai cikin akurkin ya fi waje haske, ƙananan da suka tashi a ƙarƙashin fitilar ɗumi kuwa haske suke bi. Haka kuma ba ta ɗaukewa farat ɗaya, a hankali take dusashewa, wanda ke ba su damar hawa sandar kwana su daidaita zama. Yana da muhimmanci kada a bar ta a kunne dare duka, domin hasken sa'o'i 14 zuwa 16 a rana shi ke zaburar da kaza ta fara ƙwai, kuma ba a so sagara ta fara kafin jikinta ya nuna.

Duk da haka, fitilar ba ta wadatar ita kaɗai. Sai da na tsare su a cikin akurkin na 'yan kwanaki tare da abinci da ruwa, kamar yadda masu kiwo ke ba da shawarar kwana 3 zuwa 7, sannan suka ɗauki wurin a matsayin makwancinsu. Wanda zai yi haka ya tabbatar iska tana shiga, musamman lokacin zafi. Sandar kwanan ma na sauke ta zuwa tsayin da bai wuce santimita 45 ba, na ware wa kowace kaza kimanin santimita 20 zuwa 25, kuma a dararen farko da hannu na riƙa ɗora waɗanda suka kwanta a ƙasa.

Akwai ƙananan nakasu. Shimfiɗar da kaji ke tonawa takan cika ramin da faifan ke bi, sai ƙofar ta tsaya ba ta kai ƙasa ba, ta bar tazarar da ɓera zai iya kutsawa. Takardar bayanin da ta zo da na'urar kuma ba ta ce komai game da ƙananan kaji ba, alhali su ne suka fi shiga haɗari idan aka saita ta ba daidai ba.

Ina ba da shawarar sayenta, da sharaɗin a zaɓi mai agogo da fitila, wadda kuma take tsayawa idan ta taɓa jikin kaza. A makonnin farko mai kiwo ya riƙa fita bayan ƙofar ta rufe yana ƙirga kajinsa, ya kuma share ramin faifan a kai a kai.