Man mota a cikin babur: wanne za ka saya, wanne za ka bari a shago?

Idan lokacin juye ya yi, mai babur yakan tarar da abu huɗu a gabansa: man babur mai tambarin 4T (wato na babur da ba a haɗa masa mai da fetur), baƙin man ƙananan motoci, na manyan motocin dizal, da wanda ake auna wa mutum daga duro. Duk kala ɗaya suke a ido, amma aikinsu ba ɗaya ba ne.

A mota, man inji daban yake da na giya. A babur irin Boxer, TVS, Jincheng ko Haojue kuwa, lita ɗaya ko ƙasa da haka ita ke shayar da inji da giya da kuloci gaba ɗaya. Faifan kuloci a cikin man suke iyo, kuma aikinsu kamu ne. Yawancin man ƙananan motoci na zamani, musamman marasa kauri irin 0W-20 da 5W-30, an zuba musu sinadaran ƙara santsi don a rage shan fetur. Wannan santsin shi ke hana faifan kama juna. Za ka ga kana giya ta huɗu, ka ɗauko mutum da buhun masara, ka murɗa totur a kan hawa, inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba. In aka ci gaba a haka, faifan su ƙone, su yi sumul kamar gilashi.

Matsala ta biyu ita ce haƙoran giya. Suna niƙa mai, su tsinka masa kauri tun lokacinsa bai yi ba, ga injin babur iska ce kawai ke sanyaya shi, ga zafin Afrilu da cunkoson titi. Man da ya tsinke ba ya kare fistin da ringi.

Saboda haka ne hukumar JASO ta Japan ta fitar da ma'auni na musamman a 1998. Juya bayan robar ka duba. JASO MA ko MA2 shi ne na babur mai kuloci a cikin mai, kuma MA2 ya fi ba da kamu. JASO MB na baburan da ba a sa musu giya da ƙafa ne, masu tafiya da bel, kada ka zuba shi a Boxer. Rubutun 4T shi kaɗai bai isa shaida ba, kowa na iya buga shi. Sannan kauri ya dace da abin da littafin babur ya ce, wanda a yawancin baburan haya 20W-50 ne.

To in tafiya ta kama ka a ƙauye, geji ya nuna mai ya yi ƙasa, kuma babu man babur fa? Tafiya da man mota ta fi tafiya babu mai nesa ba kusa ba. Zaɓi mai kauri, 20W-50 ko 15W-40, ka duba zagayen tambarin API, wato ma'aunin ingancin mai na Amurka, a jikin robar. In an rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving a ƙasan zagayen, ajiye shi. Baƙin man motocin dizal 15W-40 galibi ba shi da sinadaran santsin nan, wasu ma suna ɗauke da JASO MA a jikinsu, don haka ya fi man ƙaramar mota aminci. Da ka dawo gari ka juye.

Man awo daga duro shi ne ba mu ba kowa shawarar saye ba. Ba ka san kaurinsa ba, ba ka san ko tsohon mai aka tace ba, kuma rarar da ka samu ba ta kai kuɗin faifan kuloci da aikin bakanike ba. Ko na roba ne, ka tabbata murfin bai taɓa buɗuwa ba. In a Najeriya aka yi shi, nemi tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Babur mai hayaƙi, wanda ake haɗa masa mai da fetur, lissafinsa daban ne. Man 2T yake sha, an yi shi ne don ya ƙone. Man mota zai cika fulogi da salansa da baƙin gawayi.

Wanda ya riga ya zuba man mota kuma kuloci ya fara zamewa, ya fara da duba wayar kuloci, don in ta yi tsauri ita ma tana kawo haka. Sai ya tayar da inji na minti biyar, ya kwance notin ƙasa mai ya tsiyaye sarai, ya zuba MA2 daidai alamar geji, kada ya wuce. Bayan kilomita ɗari biyu zuwa uku ya sake juye. In har yanzu yana zamewa, faifan sun ƙone, sai canji, kuma a jiƙa sababbin a cikin man na 'yan awanni kafin a ɗaura.