Sharhi kan aikin masu gyaran gida kafin mu sayar da gidan gadonmu a Gusau

Gidan mahaifinmu da ke Tudun Wada a Gusau ya shafe wata biyar a hannun dillalai ba tare da an yi masa tayin kirki ba. Marigayin ya gina shi ne a 1997, lokacin da aka dawo da shi aiki gida bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996, kuma da Allah ya yi masa rasuwa magada suka amince a sayar a raba kuɗin, domin ɗaki huɗu da falo ba za su rabu tsakanin mutum tara ba. Ƙanwata ce ta kawo shawarar mu ɗauko wata baiwar Allah da aka fi sani da jeren amare, wadda yanzu take haɗawa da gyaran gidajen da za a sayar. Na amince ne da rabin zuciya.

Ranar farko ba ta taɓa komai ba. Ta zagaya daga zaure har bayan gida, sannan ta ce mini, "Malam, mai saye fili yake son gani, ku kuma kayanku kuke nuna masa." Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Tsakar gidan da muka yi ƙuruciya muna buga ƙwallo a cikinta ta cushe da mataccen janareto, da tsofaffin katifu, da buhunan takardun makaranta, da garewani, har mutum yana ratsawa a karkace. Cikin kwana uku yaranta suka ware kayan kashi uku: na ajiyewa, na sadaka, da na 'yan gwangwan, waɗanda suka auna ƙarafan a kilo suka biya nan take. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta bi da ɗakin Hajiya, domin ba ta bari namiji ko ɗaya ya shiga ba, ita da kanta ta zauna da tsohuwar suka sauke kwanonin jere da tasoshin da suka fi ni shekaru, ana naɗe kowanne a zane. Wanda ya san yadda iyayenmu mata suke ji da kayan ɗakinsu zai gane cewa wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Bayan kwashe kaya sai aibin gidan ya fito fili, kuma a nan ne kuɗi ya yi amfani. An sami tabon ruwa a silin ɗin falo, ta kuma hana a shafe shi da fenti sai da kafinta ya hau ya canza kwano biyu da suka hude, a cewarta duk mai sayen da ya san gini sama yake fara kallo, in ya ga an rufe yoyo da fenti kuwa sai ya zargi sauran gidan gaba ɗaya. An shafa fenti mai ruwan madara a ciki, an gyara famfon banɗaki, an sa ƙwayayen fitila, an kuma rage rassan darbejiyar tsakar gida ba tare da an taɓa inuwarta ba, wadda a zafin Afrilu na Gusau ta fi kowace kwalliya daraja.

Inda ban gamsu ba shi ne ɓangaren ado. Ta kawo labulaye na haya, da furannin roba, da wani dogon madubi, aka caje mu kuɗin mako biyu, alhali a tsakiyar hunturu muke, kafin kwana huɗu ƙura ta mayar da furannin abin tausayi. Babu mai saye ko ɗaya da ya dube su. Haka kuma ta yi alkawarin kwana shida aikin ya kai goma sha ɗaya, saboda an yi mata kiran jeren biki ta janye yaranta ba tare da ta sanar da mu ba, kuma ba ta rubuta farashi tun farko ba, sai da muka yi ɗan ja-in-ja a ƙarshe. Duk wanda zai ɗauke ta ina ba shi shawarar ya nemi lissafi a rubuce, ya kuma cire hayar kayan ado.

Mako uku da kammala aikin wani ɗan kasuwa ya zo, washegari ya turo iyalinsa, su kuwa madafi da tankin ruwa da faɗin tsakar gida kawai suka duba. Shi kansa tambayarsa biyu ce: ko akwai bashin wuta a kan gidan, da kuma ko takardar mallaka tana nan, tun da dokar filaye ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a mayar da irin wannan takarda sunan wani. Aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, a kan farashin da ya ɗara tayin baya nesa ba kusa ba, dillali ya karɓi la'adarsa, Hajiya kuma ta koma gidan yayanmu a Samaru da kwanoninta cif, ko murfi ɗaya bai ɓata ba.