Filasta ko ƙwaya: amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan maganin ɗanta

Hajiya, kin ce likita a can Amurka ya tabbatar ɗanki mai shekara 8 yana da ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da kasa maida hankali, ga shi ba ya iya haɗiye ƙwaya, shi ne kike tambaya ko na mannawa a fata ya fi rashin haɗari.

Maganin fa ɗaya ne. Sinadarin methylphenidate da ke cikin ƙwayoyin Ritalin da Concerta shi ne a Daytrana, filastar da ake mannawa a fata, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2006. Don haka rashin cin abinci, ramewa, rashin barci, saurin bugun zuciya da hawan jini, duk suna iya zuwa ko ta baki aka sha ko ta fata. In akwai ciwon zuciya a dangi, ki faɗa wa likita tun kafin a rubuta ko wanne.

Inda filastar ta yi zarra: tana hannunki. Ana manna ta a ƙugu awa 2 kafin a buƙaci aikinta, a cire kafin ta wuce awa 9. In kin ga barci na gagararsa, da shawarar likita sai a riƙa cirewa da wuri, kodayake maganin kan ɗan ci gaba da aiki bayan an cire. Concerta kuwa in ta shiga ciki sai ta gama awanninta, kusan 12.

Amma fata ce ke biyan kuɗin. Ja da ƙaiƙayi a wurin abu ne da aka saba gani, shi ya sa ake sauya ɓangare kullum, yau dama gobe hagu. Wanda ya fi damuna shi ne gargaɗin FDA na 2015: fatar wasu ta yi farin tabo da ba ya komawa. Ba kowa yake samu ba, sai dai a baƙar fata irin tamu ba ya ɓoyuwa. Wasu kuma jikinsu kan ƙi maganin ta wannan hanya, har daga baya ƙwayar ma ta gagare su.

Sai zafi. Bargon lantarki ko gorar ruwan zafi a kan filastar na iya ninka abin da ke shiga jini, ki kula da wannan a lokacin sanyi. Kada a yanka ta, kada a manna kan ƙurji. In an cire, a ninke ta biyu ta manne da kanta, domin akwai sauran magani a jikinta, kar ƙaninsa ya tsinta.

Ni dai da ɗana ne, sai in fara tambayar likita kafso irin Ritalin LA, wanda ake buɗewa a barbaɗa a cokalin markaɗaɗɗen tuffa. In hakan bai yiwu ba, a koma filasta, ki riƙa duba ƙugunsa duk lokacin wanka.