Windows da Ubuntu a Faifai Mai Giga 256: Yanki Ɗaya ko Huɗu?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba: laftof gare shi mai SSD giga 256 da ram giga 8, Windows 11 ce a kai, yana so ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a gefenta saboda karatun furogiramin. Wani ya ce masa ya ba Ubuntu yanki ɗaya ya huta. Wani kuma ya ce sam, sai ya yanka huɗu: rut (inda Ubuntu da manhajojinta ke zama), hom (inda fayilolin mai kwamfuta ke zama), suwaf (filin da ke taimaka wa ram idan ta cika), da wani na ajiyar fayiloli. Shi ne yake tambaya wanne ya fi, kuma giga nawa-nawa zai ba kowanne.

Kafin a fara rabo, bari mu leƙa tukunyar. Giga 256 ɗin da aka rubuta a kwali, idan ka buɗe Disk Management, manhajar Windows mai nuna yankunan faifai, 238 za ka tarar. Ba cuta aka yi maka ba, kamfani da dubu yake ƙirga, Windows kuma da 1024. A cikin 238 ɗin ma akwai 'yan ƙananan yankuna da ba naka ba: na EFI, wanda yawanci mega 100 ne ko 260, daga nan kwamfutar ke tashi, wani ɓoyayye mai mega 16, sai na farfaɗo da Windows a can ƙarshe. Mu ce 237 ne a hannunka.

Windows kuma ita ce mai babban ciki a gidan. Microsoft ta ce giga 64 ya ishi Windows 11, amma wannan kuɗin shiga ne kawai. Tana keɓe wa kanta kusan giga 7 don sabuntawa. Duk lokacin da ta yi babban sauyi, sai ta tara tsohuwar a folda mai suna Windows.old ta riƙe har kwana 10, kuma foldar kan iya kai giga 20. Ga manyan fayilolinta pagefile.sys da hiberfil.sys, ba ka ganin su amma suna nan zaune. Ubuntu kuwa giga 25 masu ita suka ce mafi ƙaranci. Shi ya sa rabon raba-daidai da mutane ke so, wai don adalci, ba ya aiki a nan.

To ga yadda tsarin biyu za su kasance a faifanka. Na farko: Windows 160, Ubuntu 77 a yanki ɗaya na ext4, tsarin jera fayiloli na Linux, komai nata a ciki. Na biyu, irin wanda aka ba ka shawara: Windows 120, rut 30, suwaf 8, hom 40, sai 39 na NTFS, tsarin jera fayiloli na Windows, da su biyun za su riƙa ajiya a ciki. Duk biyun 237 ne. Bambancin yana wurin yadda sarari ke zama.

A tsarin farko, idan saura giga 40 a ɓangaren Ubuntu, 40 ɗin na kowa ne. Manhaja ta buƙata ta ci, bidiyon darasi ya buƙata ya ci. A na biyu kuwa, 40 ɗin nan ya tarwatse: 4 a rut, 25 a hom, 11 a ajiya. Ka zo ɗora manhaja mai giga 6 a ce maka babu wuri, alhali kana kallon fili a maƙwabta. Kamar gidan da aka yanka ƙananan ɗakuna ne, wani ɗakin kaya har rufi, wani ba kowa, kuma ba ƙofa a tsakani.

Rut ɗin nan mai giga 30 shi ne inda matsalar take, kuma nan nake so ka tsaya ka duba da kyau. Shawarar “30 ya ishi rut” ta zamanin da ce, lokacin da manhajojin Linux ƙanana ne. Yanzu Ubuntu na kawo Firefox da wasu manhajoji ta hanyar snap, wani salon ƙunshe manhaja, kowanne da kayansa a ƙunshe, kuma snap kan ajiye tsohon zubi ɗaya bayan wanda kake amfani da shi. Duk a rut suke sauka, a /var/lib/snapd. Ka fara koyon Docker, manhajar da masu furogiramin ke gudanar da aikinsu a cikinta, ƙunshin manhajojinsa da ake kira hotuna a /var/lib/docker za su taru, rut ne dai. Flatpak, ɗan'uwan snap, ma haka. Ga tsofaffin kanel, wato zuciyar Linux, ga rajistar abubuwan da ke faruwa a na'ura da ke ta tsawo. Sannan ext4 kan riƙe kashi 5 cikin ɗari na yankin don mai kula da na'ura, wato a 30 ɗin ma ɗaya da rabi ba naka ba ne.

Na taɓa ganin ƙarshen wannan da idona. Wani ƙanina ya kawo mini laftof ɗinsa ana saura kwana uku ya miƙa furojet, ya ce Ubuntu ta ƙi buɗewa. Ya sa kalmar sirri, allo ya yi baƙi, ya dawo da shi wurin sa kalmar sirri. Ya rantse ba abin da ya taɓa. Na danna Ctrl da Alt da F3, na shiga ta baƙin allo, na buga df -h, umarnin da ke nuna cikar kowane yanki. Rut 100%, hom ko rabi bai kai ba. Docker ne ya cinye. Muka share tsofaffin hotunan, ta buɗe nan take, amma bayan wata biyu ya sake dawowa da magana ɗaya. Da yanki ɗaya ya yi tun farko, da ko labarin bai ji ba.

Ba wai tsari na biyu ba shi da amfani ba ne. Babban abin da masu shi ke faɗa gaskiya ne: idan hom na gefe, kana iya share Ubuntu ka ɗora wani Linux ɗin kamar Mint ko Fedora, fayilolinka na nan. Mai yawan canje-canje wannan ya dace da shi. Sai dai ɓoyayyun fayilolin saiti da ke cikin hom su ma suna biyo ka, wani lokacin su rikita sabuwar da ka ɗora. Kuma hom na daban ba ya hana asara: idan SSD ɗin ya mutu, da rut da hom da Windows tare za su tafi. Kwafi a wani faifan na waje shi ne kariya, ko wane tsari ka bi.

Suwaf kuwa ba sai an daɗe a kai ba. Tun 2017 Ubuntu ta koma amfani da fayil a maimakon yanki, za ka iya ƙara shi ko rage shi da umarni biyu-uku. Yanki mai girman ram sai ga mai son kwamfuta ta riƙa dogon barci tana tuna inda ya tsaya, kuma Ubuntu ba ta zuwa da wannan a kunne. Kada ka binne giga 8 a banza.

Saura yankin ajiya na tarayya. Dalilinsa shi ne Ubuntu na karanta NTFS har ta rubuta a kai, amma Windows ba ta gane ext4, idan ma ta gan shi tana iya tambayar ka ko ta yi masa fomatin. A giga 256 ni ban ga buƙatar yanka na musamman ba, C: ɗin kanta ta isa. Littattafai da bidiyo ka bar su a Documents na Windows, ka buɗe su daga Ubuntu. Sharaɗi biyu ne: ka kashe Fast Startup, saitin da ke sa Windows saurin tashi, don idan yana kunne Windows ba ta sakin faifan gaba ɗaya, Ubuntu sai dai ta karanta ba ta rubutu, kuma BitLocker, makullin faifai na Windows, kada ya kasance a kunne. Amma aikin kod ɗinka ya zauna a ext4, don NTFS ba ya tafiya daidai da tsarin izinin fayiloli na Linux, Git, manhajar bin sawun canje-canjen kod, ya yi ta nuna maka canjin da ba ka yi ba.

Wani abin da ke sa ni karkata ga na farko shi ne ranar gyara. Idan 77 ya yi kaɗan ko ya yi yawa, bango ɗaya za ka matsar ta amfani da GParted, manhajar gyara yankuna, daga filashi, kodayake shi ma janye farkon yankin Ubuntu ne. A tsari na biyu, kafin ka ƙara wa rut sai ka rage hom, ka janye farkonsa, ka ture suwaf. Janye farkon yanki kuwa kwashe bayanan ake yi gaba ɗaya a sake jerawa, yana ɗaukar lokaci. A ɗauke wuta ana tsaka da haka, batirinka kuma ba ya riƙe caji, sai dai mu ce Allah Ya mayar da alheri.

Don haka a naka faifan, na farko nake ba ka: Windows 160, Ubuntu 77. Idan ka san Ubuntu za ta zama wurin zamanka, Windows sai don Word da wata manhajar makaranta, ka mayar da shi 130 da 107. Da 512 gare ka, wanda ke fitowa 476, da na ce ka raba hankali kwance: Windows 200, rut 70, hom 100, ajiya 105. A nan kowane ɗaki na da faɗin da ba zai matse ka ba.

Ranar da za ka yi aikin, ka fara kwashe muhimman fayilolinka. Ka duba ko BitLocker na kunne, don sababbin Windows 11 kan kunna shi da kansu. Ka rubuta lambobin nan 48 na buɗewa a takarda, ka kashe shi, ka jira ya gama. Daga cikin Windows za ka rage C:, ta Shrink Volume, ka sa 78848 a akwatin, shi ne giga 77. Ka bar filin haka nan ba fomatin, Ubuntu za ta gan shi. Yankin EFI kuma su biyun za su yi tarayya a kai, kada hannunka ya kai ga share shi. Bayan an gama, in ka koma Windows ka ga agogo ya ja baya da awa ɗaya, ba lalacewa ba ce: Ubuntu na ajiye lokacin UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, a na'ura, mu kuma muna gabansa da awa guda. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Ubuntu yana daidaita su.

Wani lokaci Shrink Volume kan ƙi ba da abin da ka nema ko da akwai fili, saboda wasu fayiloli da Windows ba ta iya gusarwa sun zauna a ƙarshen C:. In haka ta faru kada ka tilasta. Ka ɗauki hoton Disk Management ɗin gaba ɗaya, yadda za a ga jerin yankunan da adadin da ya yarda ya ba ka, ka turo mu duba.