Kayan koyon kemistiri a gida: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk farkon zangon karatu sai wani uba ya tare ni da tambaya iri ɗaya: "Malam, yaron nan ya shiga SS1 ajin kimiyya, kemistiri na ba shi wahala, me zan saya masa?" Yawanci kuɗin hannunsa ba yawa, kuma mai shago zai fi son ya sayar masa da abu mafi tsada. Abubuwa uku ne ke fara kayar da yara: yadda atam ke haɗuwa da atam, daidaita lissafin sinadarai, da asid da alkali. Kowanne da abin da ya kamata a kashe masa, akwai ma wanda bai kamata a kashe masa ko sisi ba.

Bari in fara da asid, domin a nan aka fi asarar kuɗi. Zaɓi huɗu ne a gabanka.

Na farko takardar litmos, ja da shuɗiya. Ita ce mafi arha, kuma ita jarrabawar WAEC da NECO ke yawan tambaya a kai: shuɗiya ta koma ja a cikin asid, ja ta koma shuɗiya a cikin alkali. Iyakarta ke nan. Ba za ta gaya wa yaro ruwan lemun tsami ya fi nono tsami ba, duk ja za ta nuna masa.

Na biyu takardar pH, wato ma'aunin ƙarfin asid ko alkali, mai launuka da yawa, wadda ke zuwa da jadawalin launi daga 1 zuwa 14 a jikin kwalinta. Wannan ita nake so, kuma ita nake cewa a saya. Yaro ya tsoma ta cikin ruwan lemun tsami ya ga wajen 2, ya tsoma a ruwan sha ya ga kusa da 7, ya jiƙa kanwa ko toka ya ga ta haura sama sosai. Daga ranar mizanin pH ya daina zama lambar haddacewa. A nan ne ma za a fahimtar da shi cewa tazarar lamba ɗaya ninki goma ce: abin da ke 3 ya fi na 4 ƙarfin asid sau goma. Kafin ka biya, buɗe kwalin ka duba. In jadawalin ya koɗe, ko takardar ta sha danshin damina ta sauya launi, bar ta.

Na uku na'urar pH mai batir, mai kamar alƙalami. Tana da ban sha'awa, lamba take nunawa kai tsaye, amma ba ta ɗan sakandare ba ce. Sai an riƙa saita ta da ruwan gwaji na musamman, kuma bakinta na gilashi ba ya son bushewa. A yanayinmu na hunturu, in aka jefa ta a durowa wata biyu, za ta riƙa ba da lambar ƙarya, yaron kuma ya yarda da ita tunda na'ura ce. Mai kiwon kifi ko mai gidan ruwan leda ne ke da buƙatarta.

Na huɗu yana cikin kicin ɗin mahaifiyarsa: zoɓo. A jiƙa shi a ruwan zafi, ba sukari ba citta, a tace, a sirka har ya yi haske. Sinadarin da ke ba shi launi yana sauyawa da pH. Ka ɗiga masa ruwan tsamiya sai jan ya ƙara fitowa, ka ɗiga ruwan kanwa sai ya juya ya yi duhu-duhu ya nufi kore. Na sha ganin aji ya yi tsit a daidai wannan lokaci. Kuma uwar da ke saka kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, aikin da littafi ke kwatantawa take yi: alkali ya ci asid, a sami gishiri da ruwa. Zoɓo ba zai ba ka lamba ba, shi ya sa nake haɗa shi da takardar pH.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake: kada a kawo ruwan batirin mota ko sodar yin sabulu cikin wannan gwaji. Na farkon asid ne mai ƙarfi, ta biyun alkali ce mai cin fata, kowannensu na iya makantar da yaro. Haka biyuret da fifet, bututun gilashi na auna ruwa a aikin taitireshan (ɗiga asid cikin alkali har su kashe juna), a bar wa makaranta. Gilashi ne mai saurin fashewa, kuma sai da malami a tsaye.

Sai haɗin atam. Ana sayar da akwatin ƙwallayen roba masu huji da 'yan sanduna: baƙi na kabon mai huji huɗu, fari na haidirojin mai ɗaya, ja na oksijin mai biyu. Wasu na cewa ai laka da tsinken sakace ma sun isa. Sun isa a nuna wa ya riƙe wa, amma ba sa koyar da siffa. Yaro zai soke tsinke huɗu a shimfiɗe kamar yadda ya gani a allo, alhali a iskar mitan, inda kabon ɗaya ke riƙe da haidirojin huɗu, kusurwar da ke tsakanin sandunan digiri 109.5 ce, a ruwa kuma wajen 104.5. Ƙwallon da aka huje daidai ba zai bar shi ya yi kuskuren ba, ba kuma zai bar kabon ya riƙe abu biyar ba. Ƙaramin akwati ya wadatar, yara uku ko huɗu na unguwa ɗaya ma za su iya haɗa kuɗi. Sai dai a sani, haɗin raba ilektiron kawai yake nunawa da kyau. Irin na gishirin miya, inda sodiyom ke miƙa ilektiron ɗaya ga kulorin, zane a takarda ya fi bayyana shi.

Daidaita lissafin sinadarai kuwa, kada ka sayi komai. Marafan kwalba kala biyu sun isa. A jera huɗu na haidirojin da biyu na oksijin a hagu, a sake jera su a dama ba tare da an ƙara ko an rage ba, sai 2H₂ + O₂ → 2H₂O ta fito da kanta. Sauran kuma maimaitawa ce da tambayoyin jarrabawar shekarun baya.

Game da littafi, tambayi malaminsa wanda yake koyarwa da shi, ka sayi shi ɗin, ko da na hannu ne. Abin da za ka kiyaya shi ne bugun jabu. Buɗe shafin da ke da lissafi ka duba ƙananan lambobin da ke ƙasan haruffa da alamun caji da ke samansu. Na taɓa samun ɗaliba da ta yi makonni tana rubuta SO₃ a wurin SO₄, saboda tawadar littafinta ta dagule lambar.

In kuɗin na abu ɗaya ne, littafi mai tsabtar bugu. In ya kai biyu, ƙara takardar pH. Akwatin ƙwallaye ya biyo baya kafin a shiga darasin sinadaran kabon.